Sakan 89: Na Bi Sawun Mawaƙan Katun a Tokiyo

Sana'ata haɗa waƙoƙin talla. Mai sabulu ko mai maganin sauro zai shigo sitidiyo ya ce yana son abin da zai maƙale a kunnen mutane cikin rabin minti, ni kuma in zauna da fiyano da mai rerawa mu ƙera masa. Shi ya sa da ɗan yayata da ke karatu a Tokiyo ya bugo waya ya ce ƙuri'a ta faɗa kansa, ya samu tikiti biyu na babban taron mawaƙan katun da za a yi a ƙarshen Agusta, bai sha wata wahala ba wajen ciwo kaina. Ita ma Yaya ta daɗe tana neman wanda zai je ya gano mata ko yaron na cin abinci. Ta ƙulla masa kuka da yaji da daddawa. Kilishi kam ya ce kada ma a soma, Japan ba ta yarda a shigar mata da nama, a filin jirgi za a karɓe.

Na tashi daga Kano a Agustan 2023, ta Adis Ababa, muka ɗan yada zango a Incheon ta Koriya ta Kudu, sai Narita. Agogonsu ya riga namu da awa 8. Zafinsu kuma mai ɗanƙo ne, kafin mutum ya kai bakin titi riga ta manne masa a baya, ga gyare na tsala ƙara a kowace bishiya ba ya ko numfashi.

A tashoshin jirgin ƙasa na Tokiyo, idan jirgi zai rufe ƙofa ɗan gajeren kiɗa ake sakawa, na 'yan sakanni, kuma tashoshi da dama kowace da nata. Muna tsaye a Takadanobaba, kan layin Yamanote da ya zagaye tsakiyar birni da tashoshi 30, sai lasifika ta saki wani kiɗa mai taku irin na fareti. Yaron ya taɓa ni.

"Kawu, ka ji wannan? To daga nan komai ya faro."

Taken Tetsuwan Atomu ne, wanda sauran duniya ta sani da Astro Boy, yaron nan na ƙarfe mai tashi sama da Osamu Tezuka ya ƙirƙira. Ranar 1 ga Janairun 1963 ya fara fita a tashar talabijin ta Fuji, baƙi da fari, rabin awa duk mako, kuma shi ya shimfiɗa hanyar da katun ɗin Japan, wanda suke kira anime, ke bi har yau. A cikin labarin an haifi Atomu ne ranar 7 ga Afrilun 2003 a nan Takadanobaba, don haka da shekarar ta zo da gaske sai aka mayar da takensa kiɗan tashar. Ofishin kamfanin Tezuka ma a unguwar yake, kuma bangon da ke ƙarƙashin gadar jirgin cike yake da zanensa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya rubuta baitocin: Shuntaro Tanikawa, ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙa na ƙasar, ba wani ɗan kwangila ba. Tatsuo Takai ya yi kiɗan, tawagar yara ta rera. Shekara 60 ke nan, ga ma'aikata da jakunkunansu suna tsallawa cikin jirgi a kan wannan kiɗan duk bayan 'yan mintoci, ko a jikinsu.

Mun leƙa Oizumi-Gakuen a gundumar Nerima, inda sitidiyon Toei yake, kamfanin da aka kafa a 1956 wanda daga baya ya yi Dragon Ball da One Piece. Akwai mutum-mutumin tagulla na wasu jaruman katun a bakin tashar, ita ma kuma da nata kiɗan, na fim ɗin Galaxy Express 999 na 1979. Ban da haka unguwa ce shiru, gidajen mutane da kekuna. Ba mu daɗe ba.

Akihabara da kowa ke kururutawa ita ma ba ta riƙe ni ba. Benaye ne masu hawa-hawa, an lulluɓe su da hotunan 'yan mata masu manyan idanu, kowane shago da lasifikarsa, kuma a wancan lokacin duk inda ka juya waƙa ɗaya ce ke tashi: Idol ta tawagar YOASOBI, taken shirin Oshi no Ko, wadda ta fito a Afrilun shekarar ta kuma zama waƙar harshen Japan ta farko da ta hau saman jadawalin waƙoƙi na Billboard na ƙasashen da ba Amurka ba. Waƙa ce mai gudu, tana sauya salo sau da yawa kafin ka gama gane na farko. Na saurare ta da kunnen sana'a, na sara wa wanda ya haɗa ta, amma ban iya bin ko layi ɗaya ba. Abin da na fi morewa a Akihabara shi ne shawarmar wasu Turkawa, don ita ce naman da na ci ranar ba tare da yaron ya tsaya karanta bayan leda ba.

Inda na samu abin da nake nema shi ne Nakano Broadway. Tsohon gini ne na 1966, rufinsa ƙasa-ƙasa, lunguna sun sarƙe, shagunan tsofaffin kaya sun cika benayen sama. A nan Mandarake ya fara a 1980 da ɗan shagon tsofaffin littattafan zane, yanzu ya mamaye sashe mai yawa na ginin. Mu wani ƙaramin shago muka shiga, wanda mutum uku ba za su iya juyawa a ciki ba, na wani dattijo mai tabarau a goshi. Ƙananan faya-fayan garmaho ne jere a akwatuna, kowane cikin ledarsa da farashi a manne. Na zaro ɗaya. A gaba hoton wani ƙaton mutum-mutumin yaƙi ne ya cika takardar, sunan shirin da manyan haruffa ja. Na ce wa yaron ya nuna mini sunan mawaƙin. Sai da ya juya takardar, ya matso da ita kusa da ido, sannan ya ɗora farce a kan wani ɗan layi.

Dattijon ya ga abin da muke yi, ya miƙo hannu ya karɓi faifan, ya hure shi, ya ɗora a kan na'ura. Allura ta ɗan yi ƙarar tsufa, sai kakaki da ganguna suka ɓarke, sannan wata murya ta namiji, mai kauri, daga ƙirji take fitowa. Mazinger Z ne, na 1972, muryar kuma ta Ichiro Mizuki. Yaron na fassara mini sama-sama: ana kiran sunan gwarzon, ana faɗin ƙarfinsa, ana ambaton makamansa ɗaya bayan ɗaya, sannan a sake rangaɗa sunan da ƙarfi. Na ce ai wannan kirari ne. Abin da makaɗin 'yan dambe ke yi ke nan idan ya ga ɗan wasansa ya shigo fage, ya kira shi da sunansa, ya tuna masa hannun da yake kisa da shi, har sai tsikar jikin 'yan kallo ta tashi. Ba a buƙatar jin yaren kafin a gane aikin da waƙar ke yi.

Dattijon ya ce a zamaninsu duk mawaƙin da ya koma yi wa katun waƙa ana ganin ruwa ne ya ƙare wa ɗan kada. Waƙar yara ce, ba a gayyatar mai ita manyan shirye-shiryen kiɗa na talabijin, sau da yawa a saman rufin manyan kantuna suke wasa ranar hutu, iyaye na sayayya a ƙasa. Ya ce yara miliyoyi sun haddace muryar, amma da za su haɗu da mai ita a jirgi ba za su ba shi wurin zama ba.

Mizuki ya ɗauki wannan aikin da aka raina ya mayar da shi abin tinƙaho. An haife shi a 1948, ya rera waƙoƙi sama da 1,200, ana saninsa da jan gyalen da yake ɗaurawa a wuya, masoyansa na kiransa Aniki, wato babban yaya. A 1999 ya tsaya a dandali ya rera waƙa 1,000 cikin awa 24. A 2000 shi da Hironobu Kageyama, mai taken Dragon Ball Z, da wasu abokan sana'a suka kafa tawagar JAM Project don kada irin wannan waƙa mai kiran sunan gwarzo ta ɓace. Ciwon dajin huhu ya yi ajalinsa a Disambar 2022, watanni kaɗan kafin zuwana, kuma a shagon an jingina hotonsa kusa da akwatin kuɗi. Tsararsa akwai Isao Sasaki mai taken Yamato da na Grendizer, akwai Mitsuko Horie da ta fara tun tana 'yar shekara 12 a 1969. Na sayi faifan, ko da yake ba ni da abin kunna shi.

Me ya sa har aka ji tsoron irin wannan waƙa za ta ɓace? Kuɗi ne suka shigo. A 1983 wata mawaƙiyar zamani mai suna Anri ta yi taken Cat's Eye, waƙar ta hau lamba ɗaya a jadawalin cinikin faifai, kamfanoni suka farga cewa akwai kasuwa a nan. A 1987 City Hunter ya zo da wata dabara da har yau ake kwaikwayo: tun jarumai ba su gama maganar ƙarshe ba, sai gabatarwar kiɗan Get Wild ta TM Network ta fara shigowa a hankali daga ƙasa, labari ya narke cikin waƙa ba tare da an ga gaɓa ba. Duk mai haɗa sauti ya san wannan ba ƙaramin tunani ba ne. Daga nan zuwa shekarun 1990 sai ya zama kamfanin faifai ne ke kawo mawaƙin da yake son tallatawa, a liƙa waƙarsa a gaban shiri, ko da soyayya take magana alhali a allo takubba ake zarewa.

Yau yawancin shirye-shiryen haɗin gwiwa ake yi musu. Mai buga littafin, da tashar talabijin, da mai yin kayan wasa, da kamfanin faifai, kowa ya zuba kuɗi, kowa ya ɗebi ɓangaren da ya shafe shi. Dubi Kimetsu no Yaiba, wato Demon Slayer: Aniplex na cikin masu shi, Aniplex kuma reshen Sony Music ne, LiSA da ta rera takensa a 2019 ita ma a ƙarƙashin Sony take. Fim ɗinsa na 2020 ya tara sama da yen biliyan 40 a Japan kaɗai, waƙar da ta yi masa kuma ta ci babbar lambar faifai ta ƙasa a shekarar. Tuwona maina. Waɗanda ba sa ganin kaso mai tsoka su ne matasan da ke zaune suna zana motsin hotunan, waɗanda galibi bisa adadin takardun da suka zana ake biyan su, amma wannan wani zance ne.

Da daddare a ɗakin yaron na yi abin da ya kawo ni. Yawancin anime na manya bayan sha biyun dare ake nuna su, har jadawalin tashoshi kan rubuta ƙarfe 25:00 maimakon ɗayan dare. Na kunna agogon waya na auna waƙar buɗewa. Gurbin minti ɗaya da rabi ne, amma waƙar sakan 89 ce, saboda ana barin rabin sakan shiru a farko da rabi a ƙarshe. Cikin wannan ɗan taƙi dole a samu gabatarwar da za ta hana mutum sauya tasha, da baiti, da matakalar da ke ɗaga rai, da amshi cikakke, da saukar da za ta faɗi daidai da hoton ƙarshe. Babu wurin jan rai. Shi ya sa waƙoƙin suke cunkushe, kiɗa na sauya hanya duk bayan 'yan layuka, ganga na gudu kamar ana bin ta bashi. Sau da yawa ma wannan gajeriyar ake fara gamawa a miƙa wa masu zane, doguwar ta minti huɗu da ake sayarwa ta biyo baya. Kuma da yake ana zuba sababbin shirye-shirye sau huɗu a shekara, Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, kowane da waƙar buɗewa da ta rufewa, injin ba ya hutawa. Ni da nake kuka da sakan 30 na mai sabulu, na ga waɗanda suka mayar da ƙuntatawa fasaha.

Wata abokiyar karatun yaron, 'yar Osaka, ita ta ce ba a sanin waƙoƙin nan sai a ɗakin karaoke. A Ikebukuro muka shiga wani bene, aka ba mu ɗan ɗaki mai kujerun kushin da allo da makirufo biyu, ana biya duk rabin awa. A jikin na'urar zaɓen waƙa akwai inda ke nuna abin da waɗanda suka riga ka shiga ɗakin suka rera. Ta gungura mana jerin: kusan duk bayan waƙa uku ko huɗu sai ka ga ta anime. Ta ce akwai wadda ba ta taɓa shiga karaoke da jama'a an tashi ba a sa ta ba, taken Evangelion na 1995 da Yoko Takahashi ta rera. Ta sa, ta miƙe tsaye, wannan yarinya mai magana ƙasa-ƙasa ta koma wata daban. Na'ura ta ba ta maki 91, ta ɓata rai.

A nan na koyi wani abu da ya shafi aljihu. A 2011, shekara 16 bayan fitowarta, wannan waƙa ta karɓi lambar zinare ta JASRAC, ƙungiyar da ke karɓar kuɗin haƙƙin mallakar waƙoƙi a Japan tun 1939, lambar da ake ba waƙar da ta fi kowace kawo kuɗi. Sai dai kuɗin da JASRAC ke tarawa na wanda ya rubuta baiti ne, da wanda ya tsara kiɗa, da kamfanin da ke riƙe da waƙar. Kamfanonin karaoke kuma, irin su DAM da JOYSOUND, galibi sake buga kiɗan suke yi da kansu, ba faifan asali suke sakawa ba. Ke nan mawaƙin da murya kawai ya bayar, ana iya rera waƙarsa dare da rana a faɗin ƙasa, ta wannan ƙofar bai ga ko yen ɗaya ba. Abincinsa na wurin taro, da cinikin sidi, da riguna da tawul masu sunansa. Ba mamaki da yawa daga taurarin yanzu, irin su Kenshi Yonezu da Ayase na YOASOBI, da hannunsu suke rubuta abinsu.

Da aka ce sai na yi tawa, na ce ni a wani gidan na taso. Mu anime ta satalayit ya iso mana, a tashoshin Larabawa irin su Spacetoon da ta fara a 2000, muna cunkushe a falon maƙwabta. Kyaftin Tsubasa a wurinmu Kyaftin Majid ne. Muryoyin da muka haddace na mutanen Siriya ne, Tarek Alarabi Tourgane da Rasha Rizk, waɗanda suka yi aiki da cibiyar Zuhra ta birnin Dimashƙu. Na nemo taken Larabci na Hunter x Hunter a waya na kunna mata. Ta gane hotunan nan take, ta kira sunan yaron mai sandar kamun kifi, amma kiɗan ta yi kasaƙe tana ji, ba ta taɓa cin karo da shi ba. Sabuwar waƙa ce fil aka yi a Dimashƙu, da amon Larabawa da ɗan baƙin cikinsa. Ta sa na maimaita mata, ta ce ashe yaransu sun yi wata rayuwa a waje da ba su sani ba.

Ranar Juma'a mun yi salla a Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara, masallaci mai ƙubba irin ginin Turkawa da aka sake ginawa a 2000. Sahu ya fito har waje, 'yan Indunusiya da Pakistan da Bangaladash da tsirarun 'yan Afirka. Washegari Asabar ita ce ranarmu.

Animelo Summer Live sunan taron, suna gajarta shi Anisama. An fara shi a 2005, daga 2008 har zuwa lokacin da na je a zauren Saitama Super Arena ake yin sa, arewa da Tokiyo, kamar rabin awa a jirgi, kuma kwana uku ake yi. Tun a cikin jirgi ka san inda kowa ya nufa. Ga masu riguna iri ɗaya, ga masu tawul a wuya, ga 'yan mata da jakunkuna da aka liƙe gabansu kaf da bajon jarumi ɗaya, fuska ɗaya sau talatin. Ba yara ba ne. Akwai masu furfura, akwai mata da miji, akwai waɗanda daga ganin takalminsu ka san ranar Litinin da kwat za su fita. A filin da ke gaban zauren mutane sun yi layin sayen kaya tun safe cikin wannan rana, kowa da 'yar fankar hannu, babu mai ture wani. Na samu wani lungu bayan bishiyoyi na yi sallata, muka ci dunƙulen shinkafa mai kifi da muka sayo a kanti, muka shiga da la'asar.

Kafin a fara yaron ya damƙa mini wata fitila mai kamar tocila, doguwa, mai maɓalli a gindi da ke sauya launi.

"Kawu, kada ka kunna yadda ka ga dama. Kowane mawaƙi da launinsa. Nana Mizuki shuɗi ce, LiSA ruwan hoda. In ba ka sani ba, dubi na gabanka."

"To in na kunna kore fa?"

"Ba mai ce maka komai. Kai kaɗai za ka ji kunya."

An san waɗanda za su fito a ranar, amma ba a faɗin jerin fitowarsu ko waƙar da za su yi. Wannan shi ne gishirin abin. Aka kashe fitilu, zauren da ke iya ɗaukar mutum kusan 37,000 in an buɗe shi duka ya yi duhu, sai makaɗa suka saki sauti uku ko huɗu na farko. Kafin sunan mawaƙi ya bayyana a allo, ihu ya riga ya tashi, kuma cikin ƙiftawar ido dubban fitilu sun koma launi ɗaya, daga ƙasa har can saman bene. Ban ga wanda ya ba da umarni ba. Daga jin gabatarwa suka gane, ita ce wannan gabatarwar da aka ƙera don ta kama kunne cikin sakan biyar.

Kowane mawaƙi waƙa biyu ko uku yake yi ya ba wani wuri, ba dogon surutu. Wani lokaci a haɗa biyu da ba a taɓa ganin su tare ba su rera tsohuwar waƙar wani, wani lokaci a ɗora mawaƙiya a kan keken turawa mai tsayi a zagaya da ita tsakiyar jama'a tana ɗaga hannu. Wasu ma asalinsu masu ba jaruman katun murya ne, sun fito da irin kayan jarumin, suna rera waƙa da muryarsa. Wannan hanya ce babba a can: Nana Mizuki ta fito daga cikinta, ta zama ta farko a masu wannan sana'a da ta hau shirin Kohaku na tashar NHK na daren sabuwar shekara a 2009, ta kuma cika Tokyo Dome a 2011. Manyan shirye-shiryen da dattijon Nakano ya ce ba a gayyatar su, yanzu ga inda aka kai.

Amma 'yan kallon su suka fi ɗaukar hankalina, don aiki suke yi, ba kallo ba. Kowace waƙa da inda ake tafi, da inda ake amsawa, da inda ake ɗaga fitila a hankali daga ƙasa zuwa sama, da inda ake tsayawa cak. Duk sun haddace. A gefena akwai wani mutum mai kimanin shekara 50, da ɗamara a ƙugu wadda ya jera wasu 'yan sanduna a ciki kamar harsasai. Na roba ne, masu ruwan sinadari, in an lanƙwasa su sai su kama da hasken ruwan lemo mai kashe ido, na minti biyu ko uku kawai, sannan su mutu. Ba ya taɓa su sai an zo amshin ƙarshe na waƙar da ta kai masa. Sai ka ji ƙas, ya karya, ya ɗaga sama, a daidai lokacin da wasu dubbai suka karya nasu, zauren ya koma kamar gobara. In ta mutu ya jefa a wata leda da ya rataya don haka, ya gyara tsayuwa. A wata waƙa mai sanyi na ga yana share ido da tawul, bai ɓoye ba. Yaron ya ce shekarun korona an hana ihu a irin wannan taro, tafi kawai ake yi a bayan takunkumi, shi ya sa bana kowa ke fanshe bashi.

Na lura da wani abu, kuma a kansa muka saɓa da ɗan yayata. Sababbin waƙoƙi masu sarƙaƙiya ana jin daɗinsu, ana kaɗa musu fitila. Amma duk sanda aka ɗauko mai irin ginin da, wadda aka bar wa jama'a gurbin amsawa, wadda ake kiran suna a cikinta, ƙasa har rawa take yi a tafin ƙafa. Sama da awa biyar aka yi. A ƙarshe duk mawaƙan ranar suka fito tare suka rera taken taron na shekarar, mutane suka kwashe shararsu suka bi layi zuwa tasha.

A jirgin komawa, muna matse ba wurin ɗaga hannu, ya ce ni dai tsufa ne ke damuna. Ya ce zamanin kiran sunan mutum-mutumi ya wuce, yanzu mawaƙan anime duniya suke ci, ya kawo mini misalin Ado, wadda ta yi muryar waƙa ta jaruma Uta a fim ɗin One Piece na 2022, wata daban kuma ta yi muryar magana. Ya ce ba ta taɓa nuna fuskarta ba, a inuwa take tsayawa ta yi wasa, amma ba yaron da bai san sunanta ba. Na ce wannan ai ya ƙara ƙarfafa zancena ne: su Ichiro Mizuki an ɓoye sunansu ba da sonsu ba, ita kuwa sunanta ya yi girman da za ta ɓoye fuska don ra'ayin kanta, kuma wani ne ya share mata wannan fili yana ihu a saman rufin kanti.

"Kawu, naka dai ka faɗa," in ji shi. "Amma ka daina magana haka nan. Muryarka ta dishe, kuma gobe Umma za ta kira, ni za ta tambaya me na yi maka."